Tabon Ƙurajen Fuska: Mu San Irinsa Kafin Mu Nemi Magani

 Darasinmu na wannan fitowa yana magana ne a kan ƙurajen fuska da tabon da suke bari. Wani zai ce wannan ƙaramar magana ce, tun da ƙurjin fuska ba ya kwantar da mutum, ba ya hana shi zuwa gona. Amma duk mai saurayi ko budurwa a gida ya san damuwar da abin yake kawowa. Yarinya takan ƙi zuwa biki saboda kunya. Yaro yakan yini gaban madubi yana matsar fuska. Idan kaka ta yi, aka shiga lokacin bukukuwan aure, kuɗin wake da na gyaɗa sukan ƙare wajen sayen man shafawa a kasuwannin Dogon Dutsi, Matankari, Tibiri da Dumega. Da yawa daga cikin mayukan nan ƙara ɓata fuska suke yi, wasu ma har cikin jiki suke yi wa lahani. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Tabon ƙuraje iri uku ne, kuma kowane da hanyar maganinsa. Akwai wanda yake ɓacewa da kansa idan aka yi haƙuri, akwai wanda sai likita ya sa hannu. Wanda ya san irin tabon da ke fuskarsa ba zai zubar da kuɗinsa a banza ba.

Me ke kawo ƙurajen fuska?

A jikin fatarmu akwai ƙananan ramuka waɗanda gashi yake fitowa daga cikinsu. Kusa da kowane rami akwai wata ƴar jaka mai fitar da maiƙo. Wannan maiƙo shi ne yake hana fata bushewa da tsagewa, musamman lokacin ɗari. Idan yaro ko yarinya suka fara balaga, jikinsu yana ƙara yawan maiƙon. Sai maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe bakin ramin, kamar yadda yashi da ciyawa suke toshe hanyar ruwa a garka. Akwai wasu ƙwayoyin cuta da ke zaune a fatar kowa ba tare da sun cutar da shi ba. Idan rami ya toshe sai su hayayyafa a ciki, wurin ya kumbura, ya yi zafi, wani lokaci ya tara mugunya. Baƙin ɗigon da muke gani a kan hanci ba dauɗa ba ce. Maiƙo ne da iska ta taɓa ya yi baƙi.

Likitoci sun ce kimanin matasa 8 cikin 10, tsakanin shekara 12 da 24, suna samun waɗannan ƙuraje, kaɗan ko da yawa. Sun fi fitowa a goshi, kumatu, haɓa, ƙirji da gadon baya. Ba a ɗaukar su daga wani. Ba sammu ba ne, ba kuma alamar ƙazanta ko lalacewar jini ba ce. Ana yawan ɗora wa gyaɗa da ƙuliƙuli laifi, amma bincike bai tabbatar da haka ba. Abin da aka lura da shi shi ne yawan sukari da lemun kwalba yana iya ƙara su ga wasu mutane.

Ga abubuwan da aka tabbatar suna ƙara ƙuraje:

1. Mai mai kauri da ake shafawa a fuska, ko man gashi da ke gangarowa goshi.
2. Hula ko kallabi mai matsewa, idan gumi ya taru a ƙarƙashi.
3. Kusantowar haila ga mata.
4. Man bilicin, wato man sa fari.
5. Wasu ƙwayoyin sa ƙiba da ƴan tallan magani suke sayarwa.

Wasu mata kuma sukan ga ƙuraje bayan sun fara allurar tazarar haihuwa. Wadda ta ga haka kada ta yanke shawara ita kaɗai. Ta koma wurin ungozoman asibiti, domin akwai wasu hanyoyin da za a zaɓa mata.

Yadda ƙurji yake zama tabo

Fatar mutum hawa biyu ce. Hawa na sama siriri ne, kuma jiki yana sabunta shi kusan kowane wata. A cikinsa ne ake yin launin fata. Hawa na ƙasa ya fi kauri, yana da zaruruwa masu ƙarfi da suka sarƙe kamar saƙar tabarma. Rauni idan ya tsaya a sama yakan warke sumul. Idan ya kai hawa na ƙasa ya tsinke zaruruwan, jiki zai ɗinke wurin, amma ɗinki ba ya zama daidai da saƙar asali.

Mu mutanen Arewa mun san wannan da idonmu. Tsagar gado da ke fuskar dattawanmu tun suna jarirai aka yi ta, ga shi har tsufa tana nan, domin askar wanzami ta kai hawa na ƙasa. Haka ma zanzanar da ciwon agana ya bari a fuskar wasu tsofaffi. An kawar da agana daga duniya, an bayyana haka a shekarar 1980, amma ramukan da ta bari ba su cike ba.

Ƙurjin fuska ƙarami a sama yake tsayawa. Idan aka matse shi da farce, ko aka tsokane shi da tsinke ko allura, jakar tana fashewa ta ciki, mugunya ta bazu zuwa hawa na ƙasa. Da hannunmu muke mayar da ƙurjin mako guda ya zama tabon shekaru. Manyan ƙuraje masu zurfi da zafi kuwa, ko ba a taɓa su ba suna iya barin tabo, shi ya sa suke buƙatar magani da wuri.

Tabo iri uku

Mu ɗauki madubi mu zauna bakin ƙofa da safe, inda haske yake zuwa ta gefe guda. Mu wanke hannu, mu shafa wurin da yatsa a hankali.

Na farko, baƙin tabo. Idan yatsa ya wuce sumul, babu rami babu tudu, launi ne kawai ya canza, to wannan baƙin tabo ne. Shi ne ya fi yawa ga masu baƙar fata, domin fatarmu tana ƙara fitar da launi a duk inda ta ji ciwo. Saƙar fata ba ta lalace ba, saboda haka yana ɓacewa.

Na biyu, tabo mai rami. Wani ramin siriri ne mai zurfi kamar an soka tsinke. Wani mai faɗi ne da gefe a tsaye. Wani kuma kwari-kwari ne, fata ta yi hawa da gangara. A nan jiki ya ɗinke wurin da zare kaɗan, sai ya lotsa.

Na uku, tabo mai tudu. A nan jiki ya zuba zare fiye da kima, wurin ya taso ya yi tauri. Wani yakan tsaya iyakar inda ƙurjin yake, ya kwanta a hankali. Wani kuwa yakan ci gaba da girma har ya wuce wurin, yana ƙaiƙayi yana zafi. Wannan na biyun likitoci suna kiran sa keloyid. Ya fi fitowa a muƙamuƙi, ƙirji, kafaɗa, ƙeya da fatar kunne. Ya fi kama masu baƙar fata, kuma yana bin dangi.

Mataki na farko: a tsayar da ƙurajen

Manomi ba ya gyaran rumbu alhali gara tana ci ta ƙasa. Duk maganin tabo aikin banza ne muddin sababbin ƙuraje suna fitowa. Ga abin da kowa zai iya yi a gida ba tare da kashe kuɗi ba:

1. A wanke fuska sau 2 a rana, safe da dare, da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙarfi. A ƙara wankewa bayan aikin da ya sa gumi.
2. A wanke da tafin hannu. Soso da dutsen goge ƙafa ba na fuska ba ne.
3. A daina matsa ƙurji da ɓare ɓawonsa.
4. A rage mai a fuska. Man kaɗe yana da kyau ga ƙafa da hannu lokacin ɗari, amma ya yi wa fuska mai ƙuraje nauyi.
5. A riƙa wanke kallabi, hula da zanen matashin kai.

Idan ƙurajen suna da yawa, akwai magunguna da aka gwada aka tabbatar da amfaninsu. Malamin asibiti ne zai rubuta wanda ya dace, a saya a kantin magani na hukuma.

Akwai man benzoyil, mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin 100. Yana kashe ƙwayoyin cutar, yana buɗe ramukan. Ana shafa shi kaɗan. Yana busar da fata a kwanakin farko, saboda haka gara a fara da shafawa yau a tsallake gobe. Yana kuma koɗar da tufafi, a kula da mayafi da zanen gado.

Akwai man adafalen da ɗan'uwansa tiretinoyin. Da dare ake shafa su, gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ga fuska duka. Suna hana ramuka toshewa, suna kuma rage baƙin tabo. Mace mai ciki ko mai neman ciki ba ta amfani da su.

Akwai man azelayik, wanda yake maganin ƙuraje da baƙin tabo tare. Shi ne likitoci sukan zaɓa wa mai ciki.

Idan ƙurajen sun yi zurfi, likita yakan ƙara da ƙwayar doksisikilin ta kimanin wata 3. Ana shan ta da ruwa cike da kofi, kuma ba a kwanciya nan take. Ba a ba mai ciki, ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba. Ga ƙuraje masu tsanani ƙwarai akwai ƙwayar izotiretinoyin. Likitan fata kaɗai yake ba da ita, domin tana nakasa ɗan tayi. Macen da take shan ta ba ta ɗaukar ciki har sai wata guda ya wuce bayan ta gama.

Babban abin da yake kayar da mutane shi ne gaggawa. Waɗannan magunguna sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a fara ganin canji, sai wajen wata 3 kafin a ga cikakken amfani. Gero ma yakan yi kusan wata 3 tsakanin shuka da girbi, kuma babu manomin da yake tone shukarsa bayan mako guda don bai ga zangarniya ba.

Maganin baƙin tabo

Idan ƙuraje suka tsaya, baƙin tabo na sama yakan koɗe cikin wata 6 zuwa 12. Wanda launinsa ya nutse ƙasa, mai kama da toka-toka, yana iya ɗaukar shekaru. Abin da ya fi hana shi koɗewa shi ne rana, domin duk lokacin da rana ta doki wurin fata tana ƙara fitar da launi.

Mu manoma ba mu iya guje wa rana. Da damina muna gonar gero da wake, da rani muna garkar dankali da albasa ko gonar rake a Dallol Mawri. Amma muna da malafa, kuma malafa mai faɗin baki tana yi wa fuska inuwa fiye da hula ko kallabi. Mata ma su sa ta a gona da hanyar rijiya, babu abin kunya a ciki. Idan rana ta take tsaka a nemi inuwa. Mai hali ya sayi man kare rana a kantin magani, wanda aka rubuta lamba 30 ko fiye a jikinsa, ya shafa kowace safiya.

Mu guji magungunan da ake haɗawa a gida: lemun tsami, toka, kanwa, tafarnuwa, man goge haƙori da sabulun wanki mai soda. Dukansu ƙona fata suke yi, ƙuna kuwa sabon baƙin tabo take haifarwa. Ruwan lemun tsami idan ya haɗu da rana yana barin baƙin shaci a fuska. Masu gyaran amarya su ma su sassauta hannu. Fuskar da ke da ɗanyun ƙuraje ba a dirje ta.

Haɗarin man bilicin

A nan ne mafi yawan ƴaƴanmu suke faɗawa rami. Yarinya tana son ta kawar da ɗigo biyar a kumatu, sai mai talla ya ba ta man da zai canza launin jikinta duka. Abin ya game ƙasashenmu. A wani bayani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2011, an ruwaito cewa mata 77 cikin 100 a Najeriya suna shafa irin wannan mai a kai a kai, 59 a Togo, 27 a Senegal, 25 a Mali. Gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri suna bakin iyaka da Najeriya, kaya suna shigowa kasuwanninmu ta kowace hanya.

Abubuwa uku ne aka fi zubawa a cikin mayukan nan. Ga inda karatunmu zai yi mana rana: mu juya kwali mu karanta ƙananan rubutun da ke bayansa, harafi bayan harafi.

Na ɗaya, kortizon mai ƙarfi. A kwali za mu ga an rubuta clobétasol ko bétaméthasone. Magani ne na gaskiya da likita yake bayarwa na ƴan kwanaki domin wasu cututtukan fata. Idan aka mayar da shi man shafawa na kullum, a makonnin farko fuska takan yi haske ta yi laushi, mai shafawa ta yi murna. Daga baya sai ƙuraje su fito fiye da na da. Fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, ta yi nankarwa mai faɗi wadda ba ta ɓacewa. Makero da ƙazwa su samu wurin zama. Gashi ya tsiro a fuska. Rauni ya daɗe bai warke ba. Maganin yana kuma ratsa fata ya shiga jini, yana iya kawo hawan jini da ciwon sukari.

Na biyu, idirokinon, wanda ake rubutawa hydroquinone. Likitan fata yakan ba da shi a ɗiga a kan tabo kaɗai na ƴan watanni, sa'an nan a daina. Wadda ta shafe shekaru tana shafa shi, kumatunta da goshinta sukan yi baƙi ƙirin da ƙananan gudaji, baƙin da ya fi na farko muni, kuma maganinsa yana da wuya ƙwarai. Likitocin Afirka ta Kudu sun bayyana wannan ciwo tun shekarar 1975. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sa shi a kayan kwalliya daga shekarar 2001.

Na uku, zaiba, wadda ake rubutawa mercure. Guba ce mai lalata ƙoda da jijiyoyi. Tana kaiwa ga ɗan da ke ciki, tana kuma bi ta nono. A shekarar 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata domin rage amfani da zaiba, a 2023 kuma suka amince a daina sa ta a kayan kwalliya gaba ɗaya daga 2025.

Ƙasar Kodebuwa ta hana sayar da irin waɗannan mayuka a shekarar 2015. Duk da haka masu yin su ba kullum suke rubuta gaskiya a kwali ba. Man da aka ɗura a kwalba ko leda babu suna, da wanda mai talla ya haɗa da hannunsa, da duk wanda aka ce yana sa fari cikin mako guda, mu bar shi inda muka gan shi.

Wadda ta daɗe tana shafa mai mai kortizon, idan ta daina rana ɗaya fuskarta takan yi ja, ta yi ƙaiƙayi da zafi. Wannan ne yake mayar da mata da yawa ga man. Hanyar da ta dace ita ce ta ɗauki man ta kai asibiti, a tsara mata yadda za ta rage shi sannu a hankali. Mai ciki kuma ta gaya wa ungozoma tun wurin awo, domin idan haihuwa ta zo da tiyata, fatar da ta yi siriri tana wuyar ɗinki.

Maganin tabo mai rami

Babu man shafawa, na kanti ko na gargajiya, da yake cike rami a fata. Duk wanda ya ce yana da shi, kuɗinmu yake so. Aikin likitan fata ne, kuma ga hanyoyin da ake bi:

1. Tsattsaga fata da ƙananan allurai masu yawa, domin jiki ya saƙa sabon zare a wurin. Ana maimaitawa sau 3 zuwa 6, da tazarar kimanin wata guda.
2. Sa allura a ƙarƙashin tabo a yanke zaren da yake jan fata ƙasa. Wannan ya dace da tabo mai kwari-kwari.
3. Ɗiga wani ruwan magani mai ƙarfi a cikin siririn rami, domin ya cike daga ƙasa.
4. Yanke rami mai zurfi a ɗinke wurin.
5. Cika ramin da wani magani ta allura. Wannan yakan yi watanni, sa'an nan a sake.
6. Gyara fatar da na'urar haske mai suna leza.

A manyan birane ake yin waɗannan ayyuka, kuma suna da tsada. Suna rage zurfin tabo, amma ba su mayar da fuska kamar ta jariri. Ga baƙar fata kuma akwai haɗari: leza da ruwan magani mai ƙarfi suna iya barin baƙin tabo idan mai aikin bai ƙware ba. Kada mu yarda a yi mana aikin allura a shagon kwalliya ko a gida. Allurar da aka soka wa wani tana iya ɗauko ciwon hanta ko sida. Mu sani kuma ramuka marasa zurfi sukan ɗan sassauta da kansu bayan shekaru, kuma ba su cutar da lafiya.

Maganin tabo mai tudu

Dokar farko ita ce kada a yanke shi. Keloyid idan aka yanke shi aka bar shi haka, mafi yawan lokaci yakan dawo, har ya fi na da girma. Wanzamai suna da aikinsu da muke girmamawa, amma wannan tabo ba na aska ba ne. Kada a yi masa tsaga, ko sakiya, ko ƙaho, kada a ɗaure shi da zare.

Likita yana yi wa tabon allura a cikinsa, sau ɗaya kowane mako 4 zuwa 6, har sau da yawa. Ƙaiƙayi da zafi suna raguwa, tudun ya yi laushi ya kwanta. Maganin allurar dangin kortizon ne, amma a nan likita ne yake auna shi, kuma cikin tabon kaɗai yake shiga. Akwai kuma wata filasta ta silikon da ake liƙawa awa 12 ko fiye kowace rana har watanni. Idan tudun ya yi girma har sai an cire shi, likita yakan haɗa tiyatar da allurai domin kada ya dawo. Ƙaramin tudu sabo ya fi saurin jin magani a kan babba tsoho.

Wanda ya san ana yin irin wannan tabo a danginsu ya kiyaye ƙarin hujin kunne da duk wata tsaga. Samari masu ƙuraje a ƙeya ko a haɓa su daina aski da reza har ƙasa. A rage gashin da almakashi ko inji, kuma kowa ya riƙe rezarsa.

Ina za mu je?

Mu fara da asibitin da ya fi kusa da mu, ko a Gesheme muke, ko Kore Mairuwa, ko Ɗankasari. Malamin asibiti yana iya duba ƙuraje ya rubuta maganin farko. Idan abin ya fi ƙarfinsa zai ba mu takarda zuwa asibitin gunduma, kamar na Dogon Dutsi, daga nan zuwa babban asibitin jiha a Doso, mai nisan kusan kilomita 140 daga Dogon Dutsi. Likitocin fata suna Yamai, a Babban Asibitin Ƙasa da kuma cibiyar ƙasa ta cututtukan fata da kuturta. Idan za mu tafi, mu ɗauki duk man da sabulun da muke amfani da su tare da kwalayensu, mu faɗi gaskiyar tsawon lokacin da muka yi muna shafawa. Mace ta faɗi idan tana da ciki ko tana shayarwa.

Kada mu yi jinkiri idan muka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Manyan ƙuraje masu zurfi da zafi, ko waɗanda suka fara barin rami.
2. Kumburin fuska tare da zazzaɓi.
3. Ƙuraje ga mace tare da rikicewar haila da tsirowar gemu.
4. Tabo mai haske wanda ba ya jin taɓi. Wannan yana iya zama farkon kuturta. Tana warkewa, kuma maganinta kyauta ne.
5. Yaro ko yarinya da damuwa ta sa suka daina cin abinci ko shiga mutane.

Iyaye da ƴan'uwa suna da nasu aikin. Tsokana da sunan banza suna tura yarinya wurin mai tallan bilicin. Samari da magidanta masu cewa sai fara su ma suna da hannu a cikin wannan ɓarna. Baƙar fata mai lafiya ado ce, kuma ta fi jure ranar ƙasarmu.

Abin da za mu riƙe

1. Ƙurjin da ba a matsa ba ya fi saurin warkewa.
2. A tsayar da ƙuraje kafin a nemi maganin tabo.
3. Baƙin tabo yana ɓacewa da haƙuri da inuwa.
4. Rami da tudu aikin likita ne.
5. Man bilicin yana ƙara ƙuraje, yana cutar da jiki.

Tambayoyi domin tattaunawa a ajin yaƙi da jahilci

1. Ta yaya za mu bambanta baƙin tabo da tabo mai rami?
2. Me ya sa tsagar gado ba ta ɓacewa, alhali ƙujewar ƙaya tana ɓacewa?
3. Waɗanne sunaye huɗu za mu nema a bayan kwalin man shafawa? Kowa ya rubuta su a littafinsa.
4. Wata 3 mako nawa ne? Idan aka fara magani ranar 1 ga watan Janairu, yaushe za a sa ran ganin cikakken amfaninsa?
5. Wace shawara za mu ba amaryar da saura wata 2 bikinta, ga kuma baƙin tabo a fuskarta?

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa na kusa da shi, musamman matasan gidansu da ƙawayen amare. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.